Wakilina na Abuja ya karɓi kuɗin fili ya ɓace: ni zan biya?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ina zaune a Kano, ina harkar dillancin gidaje da filaye da sunan kasuwanci da na yi wa rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni. Ina da yara bakwai da ke yi mini aiki, uku a Abuja, biyu a Kaduna, biyu a nan Kano, kuma kusan duk hulɗarmu ta waya ce da zauren WhatsApp. Biyu daga cikinsu ina ba su albashi, sauran kuwa la'ada kawai suke samu, kuma babu takardar yarjejeniya tsakanina da kowa. Ɗaya daga cikin na Abuja ya karɓi naira miliyan 6 kafin alƙalami a asusunsa na kansa a kan wani fuloti a yankin Kuje, ya ba mai saye rasit mai ɗauke da sunan kasuwancina, daga baya ta bayyana cewa an riga an sayar wa wani da filin, shi kuma ya kashe wayarsa. Yanzu lauyan mai saye ya rubuto mini cewa in biya ko mu haɗu a kotu, alhali ko sisi ban gani ba. Shin dole ne in biya? Zan iya riƙe la'adar abokin aikinsa wanda ya kawo mini shi? Kuma yaya zan tsare kaina nan gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Zan fara da abin da ba za ka so ji ba, domin a kansa sauran shawarar ta ginu: bisa abin da ka bayyana, akwai yiwuwa mai ƙarfi kotu ta ɗora maka biyan kuɗin nan, kuma nisan da ke tsakanin Kano da Kuje ba zai zame maka kariya ba. Doka ba ta tambayar inda maigida yake zaune lokacin da aka yi cinikin. Abin da take tambaya shi ne, wane matsayi maigidan ya nuna wa jama'a cewa wannan mutumin yana da shi. Idan kai ne ka ba shi littafin rasit mai sunan kasuwancinka, ka sa lambar wayarsa a tallan da kake yi a Facebook, kana tura masa masu neman fili da cewa "ga wakilinmu na Abuja", to ka sanya masa rigar wakilci, kuma wanda ya yi ciniki da shi da zuciya ɗaya yana dogaro da wannan rigar yana da damar ya biyo ka.

Hujjar da ka fi jingina da ita, wato cewa ba ka ci ko sisi ba, an daɗe da yanke hukunci a kanta. A shekarar 1912 kotun ƙoli ta Ingila ta wancan zamani ta saurari shari'ar Lloyd da Grace, Smith & Co., inda wata mata da mijinta ya rasu ta je ofishin wasu lauyoyi a Liverpool neman shawara a kan ƙananan gidajenta biyu. Babban akawun ofishin, wanda aka sakar wa harkar takardun gidaje ba tare da mai sa ido ba, ya sa ta sanya hannu a takardun da suka mayar da dukiyar hannunsa, ya cinye. Mai ofishin bai sani ba, bai kuma amfana ba, amma kotu ta ce shi zai biya, saboda shi ya zaunar da akawun a kujerar da jama'a za su amince masa. Kotunan Nijeriya suna bin wannan ƙa'ida, kuma labarinka ya yi kama da wannan fiye da yadda zan so.

Duk da haka ba a rufe maka ƙofa gaba ɗaya ba. Mai sayen ya tura kuɗi asusun mutum, ba asusun kasuwanci ba, kuma wannan abu ne da ya kamata ya sa mai hankali ya dakata ya tambaya. Idan a jikin rasit ɗinku, ko a tallanku, ko a wani saƙo da aka tura masa, an rubuta cewa ba a biyan kuɗi sai ta asusun kasuwanci, to kana da hujja mai nauyi cewa ya san iyakar ikon wakilin amma ya tsallake. Idan kuwa za a buɗe zaurenku na WhatsApp a ga cewa ka saba barin yaran su karɓi kuɗi a asusunsu sannan su turo maka, kamar yadda mafi yawan masu wannan sana'a suke yi don gudun ɓata lokaci, to wannan hujjar ta rushe, domin kai da kanka ka mayar da abin al'adar gidan. Ka duba wannan da idon gaskiya kafin lauyanka ya rubuta amsa, saboda ɗaya ɓangaren zai iya neman kotu ta sa a kawo saƙonnin. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a karɓi bayanan waya da kwamfuta a matsayin shaida idan an cika sharuɗɗansa, ciki har da takardar tabbatar da na'urar da aka ciro su. Kada ka goge komai, kada kuma ka rufe zauren. Ka adana saƙonni, da muryoyin da aka tura, da hotunan rasit, da wayar kanta.

Akwai wani abu da ya ƙara maka nauyi. Abin da ka yi wa rajista sunan kasuwanci ne, kuma a ƙarƙashin Dokar Kamfanoni ta 2020 sunan kasuwanci ba mutum ne mai zaman kansa a idon doka ba. Kai ne shi, shi ne kai, don haka idan hukunci ya faɗa a kansa, motarka da asusunka na kanka suna cikin abin da za a iya kamawa. Dokar ta yanzu ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani mai iyakantaccen alhaki shi kaɗai, kuma ina ba ka shawara ka yi hakan, sai dai ka sani cewa sabon kamfani ba zai shafe bashin da ya riga ya hau kanka ba.

Game da matakin da za ka ɗauka yanzu, kada ka yi shiru da wasiƙar, kada kuma ka kira mai sayen da kanka ka ce masa "ka yi haƙuri, zan biya ka", domin irin wannan magana ta ladabi ana iya naɗar ta a kawo ta a matsayin amsa bashi. Lauyanka ya amsa a rubuce, ya nemi kwafin rasit da shaidar tura kuɗi da saƙonnin da suka gudana tsakanin mai sayen da wakilin, ba tare da amsa alhaki ba. A lokaci guda ka sanar a duk inda kake talla, kuma ka aika wa abokan cinikin da ya taɓa hulɗa da su, cewa wannan mutumin ba wakilinka ba ne daga yau, saboda littafin rasit ɗin yana hannunsa kuma rigar wakilcin ba ta cirewa da kanta. Sannan ka kai ƙorafi a rubuce ga 'yan sanda a Abuja ko hukumar EFCC. Abin da ya yi ya shiga cin amana a ƙarƙashin sashe na 311 da 312 na kundin Penal Code da ke aiki a Babban Birnin Tarayya, kuma saurin kai ƙorafi ne ke ba da damar neman umarnin kotu na riƙe asusunsa kafin a kwashe abin da ya rage. Idan kuma mai sayen ya yi yunƙurin sa a kama ka a madadin yaron, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, ta kuma hana kama mutum a kan rikicin ciniki zalla. Wannan kariya ce daga tsarewa kawai, ba ta hana a kai ka kotu neman kuɗi.

A ra'ayina, idan binciken saƙonnin ya nuna ka saba barin su karɓi kuɗi, sulhu ya fi maka shari'a. Ana iya zama a zauren sasanci na Babbar Kotun Abuja a yi yarjejeniyar biya kashi-kashi, a rubuta cewa biyan ya rufe duk wata da'awa, kai kuma ka riƙe haƙƙinka na bin wakilin. Dillali da sunansa yake cin abinci, kuma shekarun da shari'a za ta ci suna iya jawo maka hasarar da ta fi miliyan 6.

Amsar tambayarka ta biyu, kan riƙe la'adar abokin aikinsa, gajera ce: a'a. Wanda ya gabatar maka da mutum bai zama mai tsaya masa ba, sai idan ya sanya hannu a takardar lamuni, domin alkawarin ɗaukar bashin wani sai an rubuta shi kafin kotu ta tilasta shi. La'adar da ya yi wa aiki haƙƙinsa ce, riƙe ta kuma zai buɗe maka ƙara ta biyu. Idan kana da shaidar cewa da shi aka haɗa baki, ka miƙa wa masu bincike.

Sai batun matsayin yaran bakwai, wanda na ga ba ka ɗauke shi da muhimmanci ba. Kiran mutum "ɗan la'ada" ba shi ne ke yanke hukunci ba. A shari'ar Shena Security da Afropak ta 2008, Kotun Ƙoli ta zayyana abubuwan da ake dubawa: albashi ake biya ko la'ada, wa ya ba da kayan aiki, an ƙayyade lokutan aiki ko ba a ƙayyade ba, mutumin zai iya sa wani ya yi aikin a madadinsa, kuma a ina ake yin aikin. Sashe na 91 na Dokar Ƙwadago ya cire wakilai masu aiki a wajen mazaunin kasuwancin maigida daga ma'anar ma'aikaci a wannan dokar, abin da zai iya shafar yaranka na Abuja da Kaduna, amma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda sashe na 254C na Kundin Tsarin Mulki ya ba ikon sauraron duk rikicin aiki, tana duba yadda zaman yake a zahiri. Idan kana sa su turo rahoto kowace safiya, kana bin inda suke ta waya, kana hana su yi wa wani dillali aiki, to kana matsawa da su zuwa matsayin ma'aikata ko da la'ada kake biya. Dole ka zaɓi ɗaya: ko sa ido mai tsanani tare da nauyin da ke biye da shi, ko sassauci tare da iyakance abin da suke iya yi da sunanka.

Su biyun masu albashi, doka ta ce a ba su takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da farawa, a biya musu kashi 1 cikin 100 na albashi ga hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF bisa Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, sannan harajin albashinsu yana zuwa ne jihar da kowannensu yake zaune, ba jihar da kake ba. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, bai kuma shafi masu la'ada ba.

Takardar da za ka rubuta da kowane wakili ita ce za ta tsaya a madadin idonka da ba ya wurin, don haka kada a kwafo ta daga intanet. Ta faɗi ƙarara cewa aikinsa nuna gida ko fili ne da haɗa mai saye da ofis, ba shi da ikon karɓar kuɗi ko ba da rasit ko sanya hannu a madadinka. Ta faɗi lokacin da la'ada take tabbata, wato bayan kammala ciniki da shigar kuɗi, domin a nan ne yawancin rigimar dillalai take tashi. Ta kuma zo da masu lamuni biyu da aka je aka ga gidajensu. Ka janye littattafan rasit na hannu gaba ɗaya, rasit ya riƙa fita daga ofis kawai bayan banki ya nuna shigar kuɗi, kuma kowane talla ya ɗauki gargaɗin cewa ba a biyan kuɗi sai ta asusun kasuwanci. Lambobin waya da ake hulɗa da abokan ciniki su zama na kasuwancin. Wannan yana da wani amfanin kuma, domin hotunan katin shaida da takardun banki na abokan ciniki da ke zaune a wayoyin yaran, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kai take tambaya a kansu. Idan kana son hana wanda ya bar aiki janye abokan cinikinka, sharaɗin ya zama mai iyakar wuri da lokaci, domin kotu ba ta tilasta sharaɗin da zai hana mutum neman abincinsa baki ɗaya.

Ka kuma tabbatar kana da rajistar SCUML, wato sashen hukumar EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram, saboda Dokar Hana Halasta Kuɗin Haram ta 2022 ta sa dillalan gidaje cikin waɗanda dole su tantance abokan cinikinsu, ta kuma hana biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 ga mutum ko miliyan 10 ga kamfani sai ta banki.

Filin Kuje kansa yana nuna wani giɓi da ya riga cin amanar faruwa, wato an tallata fili da sunanka ba tare da an binciki takardunsa ba. A Abuja duk ƙasa tana hannun Gwamnatin Tarayya, kuma Ministan Babban Birnin Tarayya ne ke da ikon ba da ita, saboda haka takardar da ta fito daga ƙaramar hukuma ko hannun dagaci abar tuhuma ce har sai AGIS, wato ofishin adana bayanan filaye na Abuja, ya tabbatar da ita. A Kaduna ana bincike a takwaransa KADGIS, a Kano kuma a KANGIS, kuma sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya wajabta amincewar gwamna kafin a mayar da mallakar filin da ke da takardar gwamnati zuwa wani. Ka kafa ƙa'ida cewa babu fili ko gidan sayarwa da zai hau shafinku sai rahoton binciken lauya da takardar izinin mai shi sun iso hannunka a Kano, kuma takardar ciniki lauya ne zai rubuta ta, domin Dokar Lauyoyi ta hana wanda ba lauya ba shirya irin waɗannan takardu don a biya shi. Tun kafin wa'adin da ke cikin wasiƙar ya cika, ka kai wa lauya mai aiki a Abuja wasiƙar, da kwafin rasit, da bayanan asusunka na watanni shida da suka wuce, domin daga su ne zai gane ko musu za ku yi ko sulhu.