Na'urar aika ƙarfin iskar tulun nutso a ruwa: in cire agogon tiyo?

Ɗan'uwa, ka ce za ka sayi na'urar da ke aika wa kwamfutar da mai nutso a ruwa ke ɗaurawa a hannu yawan iskar shaƙa da ke tulunka ba tare da waya ba, kana tambaya ko za ka cire tsohon agogon mai tiyo da ke nuna ƙarfin iskar. Ka saya, amma don Allah kada ka cire shi.

Ana ɗaura na'urar ne a kafar babban matsi ta regileta, wato abin da ke rage matsin iskar tulu don ka shaƙa, can bayan wuyanka. Da ka buɗe tulu sai ta farka. Kana ɗaga hannu za ka ga bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne) na raguwa, kwamfutar kuma tana lissafa maka mintunan da suka rage gwargwadon yadda kake shaƙa. Wannan lissafin ne ya fi burge ni, don yana nuna maka lokacin da ka fara haki tun kai ba ka lura ba.

Sai dai ruwa yana cinye siginar rediyo. Yawancin na'urorin nan, irin su Shearwater Swift, ba sa wuce mita ɗaya da wani abu, shi ya sa ake so na'urar ta kasance ɓangaren hannun da kwamfutar take. Filashin kyamara ma kan katse ta na ɗan lokaci. Garmin Descent T1 da sauti take aikawa, tana kaiwa mita 10.

Batir kuwa, ko da kwamfutar kan yi gargaɗi idan ya yi rauni, yana iya mutuwa kana cikin ruwa. In a zurfin mita 30 allo ya ɗauke, agogon tiyon nan ne zai gaya maka ko ka kai bar 50, wato iskarka ta yi ƙasa.

Ka sa wa na'urar gajeren tiyo, don masu ɗaukar kaya a jirgi kan cafke ta kamar mariƙi, su karya.