Amsa ga mai tambaya kan kalsiyam a ƙodar 'yarta

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Na ga tambayarki, cewa an yi wa 'yarki mai shekara biyu hoton ciki an ga kalsiyam ya taru a ƙodarta, kina tsoron ko ƙarshenta wankin ƙoda ne. Allah ya ba ta lafiya. Ni ma na shiga wannan tashin hankalin a nan Jidda da ɗana na biyu.

Wannan daban yake da tsakuwar ƙoda. Tsakuwa a hanyar fitsari take zama, shi kuwa a cikin naman ƙodar yake kwanciya. Kuma alama ce ta wata matsala, sai an gano ta kafin a san inda aka dosa.

Nawa yaron ba ya girma, ga amai, ga yawan fitsari da ƙishirwa, mun ɗauka zafin garin nan ne. Ashe ƙodarsa ce ba ta iya fitar da asid ta fitsari, sai ya taru a jini yana zare kalsiyam daga ƙashi. Ciwon gado ne. Tambayar farko da likita ta yi mini ita ce ko auren zumunci muka yi, kuma ɗan baffana nake aure. Aka ɗora shi kan potassium citrate, maganin rage asid a jini, kullum ba fashi. Yanzu shekararsa tara, yana makaranta. Farin tabon kalsiyam ɗin yana nan a hoto, amma ƙodar tana aiki lafiya. An auna jinsa ma, don wani nau'in ciwon yana taɓa kunne.

Idan bakwaini aka haife ta, musamman in an ba ta Lasix, maganin sa fitsari, a ɗakin jarirai, sau da yawa wannan yana washewa da kansa a shekarun farko. Yawan bitamin D ma yana kawo shi, don haka ki duba ɗigon da kike ba ta, ko ya wuce abin da aka rubuta. Wanda ya fi nauyi shi ne na gado da hanta ke ƙera sinadarin oksalet fiye da kima, shi kam yana iya kashe ƙoda idan aka makara.

Don Allah kada ki hana ta madara da kanki, ƙashinta na buƙata. Gishiri za ki rage, su indomi da cibs ɗin kanti, ki yawaita mata ruwa.

Ki nemi a tura ku wurin likitan ƙodar yara, a auna jini da fitsari. Bakwaini ce? Kuma ku da babanta 'yan uwa ne? Ki faɗa mini.