Filin Tambaya da Amsa: Gwaji Biyu, Lamba Biyu, Wacce Za Mu Ɗauka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifiyata na fama da ciwon suga. Na gwada suganta da na'urar gida da safe na ga 142, bayan minti biyar na sake na ga 158. Na'urar ce ta lalace? Kuma wai ta yaya ɗan tsinken nan da ake ɗiga wa jini yake gane sugan da ke cikin jini?
Daga wata mai karatu, Tudun Wada, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Hajiya lafiya. Waɗannan lambobi biyu ba su nuna na'urarku ta lalace ba. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 15197 ta 2013 ta yarda na'urar gida ta kauce da kashi 15 cikin ɗari idan suga ya kai 100, ko da maki 15 idan bai kai ba. Ke nan in ainihin sugan Hajiya 150 ne, duk abin da ya faɗo tsakanin 128 da 172 yana kan hanya.

Sirrin kuwa yana bakin tsinken. An shafa masa busasshen enzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai. A tsinkaye da yawa gulukos oksides ne, wanda ake samu daga wata irin fumfuna. Da jini ya jiƙa shi sai ya kama gulukos, wato sugan jini, ya sauya shi, wannan sauyin ya haifar da ɗan lantarki, na'urar ta auna ƙarfinsa ta mayar da shi lamba. Yawan suga, yawan lantarki.

Dabarar ta wani masani ce ɗan Amurka, Leland Clark. A 1956 ya bayyana na'urarsa ta auna iskar oksijin. A 1962, shi da abokin aikinsa Champ Lyons, suka kawo shawarar a ɗora mata enzayim: tunda gulukos oksides na cin oksijin yayin aikinsa, raguwar iskar za ta nuna yawan sugan. Sai 1975 aka fara sayar da na'urar ɗakin gwaji mai wannan tsari. Ƙaramar ta hannu mai suna ExacTech ta fito a 1987, bisa binciken masanan Ingila da suka sa wani sinadari ya riƙa kai lantarkin maimakon oksijin.

Inda aka fi samun matsala a nan wajenmu shi ne ajiya. Enzayim kamar farin ƙwai yake, zafi na ɓata shi. Yawancin kamfanoni suna rubuta kada a wuce digiri 30, alhali a watan Maris da Afrilu Gombe kan kai 40. Kada a bar kwalbar tsinkayen a mota, ko kan taga, ko kusa da murhu. Da damina kuma danshi ne abokin gaba: ki ciri tsinke ɗaya ki rufe nan take, domin kwalbar na ɗauke da abin tsotse danshi. Shi ya sa ba ma son tsinken da ake sayarwa ɗai-ɗai a leda, komai arharsa. Ki duba ranar ƙarewar aikinsa ma.

Sai hannu. Wanda ya taɓa mangwaro ko dabino ko rake bai wanke ba, lambarsa za ta yi tashin gwauron zabi. A wanke da sabulu, a bushe sarai, a huda gefen yatsa. Kada a tatse yatsan da ƙarfi, don ruwan jiki na iya gauraya da jinin.

In Hajiya na da ƙarancin jini sosai, na'urar kan nuna sama da gaskiya, sai ki sanar da likitanta. Idan kuma takardar asibiti ta zo da lamba irin 8.3, ma'auninsu ne daban: ki ninka ta sau 18, za ki samu kusan 150.