Tambaya da Amsa: Masu tokin ne suka cinye rabon, ko zargi ne kawai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata bakwai muna mainin (latse-latsen tara maki) ɗin wani tokin, wato kuɗin kirifto, a Telegram, ni da abokaina a Ƙofar Ƙaura. Ranar fashewa, wato ranar da aka raba tokin, abin da na samu bai kai kuɗin data ba, sai ga labari wai wasu walat (asusun ajiyar kirifto) ƙalilan sun kwashi kaso mafi tsoka, kuma na masu tokin ne. Ta yaya za mu gane gaskiya? Daga mai karatu a Katsina.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, ƙarancin rabo kaɗai ba hujja ba ce. An ga haka a wasan Telegram na Hamster Kombat a Satumban 2024, inda yawan jama'a ya sa akasarin mutane suka tashi da ɗan abin da ba ya kashe ƙishi. Hujja tana kan bulokcen, wato kundin da ke ajiye kowane ciniki, wanda kowa ke iya dubawa.

Ka kwafi adireshin kwantiragin tokin (lambar da ke nuna tokin a bulokcen), ka liƙa a shafin binciken bulokcen: Tonviewer idan yana kan bulokcen na TON, ko Etherscan, BscScan ko Solscan, gwargwadon bulokcen da yake kai. Buɗe jerin masu riƙe da tokin, ka ɗauki hamsin na sama. Cire na kasuwannin musaya da na kulle, galibi suna ɗauke da suna. Sauran ka bi su ɗaya bayan ɗaya zuwa cinikinsu na farko: wa ya tura musu kuɗin gas, wato kuɗin da ake biya kan kowane ciniki? In adireshi guda ya ciyar da walat ɗari cikin awa ɗaya, suka karɓi rabo a mintuna guda, suka juye a adireshin ajiya ɗaya, to mutum ɗaya ne. Shafin Bubblemaps na zana wannan kamar saƙar gizo. Amma a kula, in gas ɗin daga babban walat na kasuwar musaya ta Binance ya fito, ba ya nuna komai, can kowa ke ɗebowa.

Nan ne mutane ke tuntuɓe. Mai walat ɗari yana iya zama ɗan gari mai wayo kawai. Abin da ke nuna hannun na ciki uku ne: kuɗin ya samo asali daga walat ɗin da ya ƙirƙiri kwantiragin, ko walat ɗin sun cika sharuɗɗa daidai wa daida kafin a sanar da sharuɗɗan, ko suna cikin jerin waɗanda aka ba rabo alhali ba su taɓa yin komai ba. Matsalar wasannin latse-latse ita ce makin yana kwamfutar masu wasan, su ke da alƙalami su ke da takarda, ba mai iya bincikawa daga waje.

Don haka ku nemi abu takamaimai a bainar jama'a: cikakken jerin waɗanda aka ba, ranar da aka ɗauki lissafi, da adireshin da aka kulle kason masu tokin da lokacin buɗe shi. Misali, manhajar kirifto ta LayerZero a 2024 ta ba masu tarin walat dama su tona kansu kafin rabo, su karɓi kashi 15 cikin ɗari na abin da za a ba su. Wanda ya amsa muku da korar ku daga guruf, ya riga ya amsa.

Dokar zuba jari ta Najeriya ta 2025 ta sa kadarorin kirifto ƙarƙashin SEC, hukumar da ke kula da hannun jari, kuma ana iya kai ƙara EFCC da lambobin ciniki da hotunan sanarwa. In masu tokin ɓoyayyu ne a ƙetare, dawo da kuɗi da wuya. Duk kuma wanda ya turo maka mahaɗa wai ka karɓi diyya, yana neman kalmomin sirri 12 da ke buɗe walat ɗinka, kada ka latsa.