Amsa ga ƴar'uwar da mahaifiyarta ta samu shanyewar ɓarin jiki a Jos

Ƴar'uwa, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba Mama lafiya. Kin ce an sallamo ta daga asibiti, ɓarin dama ba ya aiki, ke kaɗai ke jinya, kuma kina neman keken guragu da inda za a tallafa muku.

Kafin keke, ki mayar da ita sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH). Su za su duba ko wane irin keke ya dace da ita, su koya miki yadda ake ɗaga ta. Beautiful Gate, wata cibiyar taimakon masu buƙata ta musamman a nan Jos, na raba keke kyauta, amma mai ƙafa uku ne da ake tuƙawa da hannu, ya fi dacewa da masu shan inna. Mama ba za ta iya da shi ba. Ki leƙa Hukumar Kare Haƙƙin Masu Buƙata ta Musamman ta Jihar Filato da takardun asibiti, sannan ki sanar da mai unguwa da kwamitin masallaci. Zakka sau da yawa ta nan take bi.

Abin da na fi gani yana kayar da masu jinya shi ne barin mutum kwance a gefe ɗaya. Ki riƙa juya ta duk bayan awa 2, ki duba ƙugu da dunduniya, nan gyambon kwanciya ke farawa da jan fata. Kada a ja ta da hannun da ya shanye, kafaɗar na iya gocewa. Maganin hawan jini kuwa kada a tsayar don an fara na gargajiya. In tana shaƙewa da ruwa ko kunu, ko bakinta ya sake karkacewa, a garzaya asibiti nan take.

Ki kira ƴan'uwanki ku raba kwana, ko sau biyu a mako wani ya karɓe ki.