Shin Ya Halatta A Yi Gwajin DNA Don Kore Ɗa?

Tambaya: Malam, daga Kumo nake a jihar Gombe. Matata ta haifi yaro fari tas, alhali ni da ita duk baƙaƙe ne. Dangina sun matsa min lamba in yi gwajin DNA. Ya halatta?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya sanyaya zuciyarka. An riga ka yin wannan tambaya. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mutum ya zo wa Annabi (SAW) ya ce matarsa ta haifi baƙin yaro. Annabi ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne. Ko akwai mai ruwan toka a cikinsu? Ya ce akwai. To daga ina ya fito? Ya ce wataƙila jijiya ce ta janyo shi daga kakanni. Annabi ya ce ɗanka ma wataƙila hakan ne. Bai ba shi damar kore yaron ba.

Ba na raina gwajin nan. Masanin kimiyya Alec Jeffreys ne ya gano hanyarsa a Ingila a 1984, kuma tushensa ingantacce ne: rabin ƙwayoyin halittar ɗa daga uba suke, rabi daga uwa. Ilimin nan kansa ya nuna launin fata na iya tsallake iyaye ya ɗauko kaka, kuma baƙaƙe biyu kan haifi zabiya.

A 2002 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa (Ƙungiyar Musulmi ta Duniya) da ke Makka ta halatta shi inda nasaba ta rikice: jariran da suka cakuɗe a asibiti, yaran da yaƙi ko bala'i ya raba da iyayensu, gawar da ba a gane ba. Nan kam alheri ne babba. Amma ta hana a kore da shi nasabar da ta tabbata, ko a fifita shi a kan li'ani (rantsuwar da miji da mata ke yi idan ya zarge ta da zina ba shi da shaidu), domin hadisi ya ce ɗa na mai shimfiɗa ne, wato mijin uwarsa. Li'anin nan na Suratun Nur, aya 6 zuwa 9, a gaban alƙali ake yin sa, kuma ba a gina shi a kan launi.

Saboda haka bai halatta gare ka ba. Yaron ɗanka ne, zai gaje ka, ka gaje shi. Danginka kuwa, ka gaya musu da babbar murya cewa jifan kamilar mace da zina ba tare da shaidu huɗu ba bulala 80 ne hukuncinsa. Abin da ya fi damuna shi ne wannan magana ta kai kunnen mai jego. Ka tare ta kafin ta isa.

Wallahu a'alam.