Masarar TELA: amsoshin tambayoyin da kuka turo

Wani manomi daga Giwa yana tambaya, wai masarar TELA ɗin nan me aka zuba mata da tsutsa ba ta cinta, kuma ba ta da illa?

To Malam, ba magani aka fesa wa irin ba. Akwai wata ƙwayar bakteriya a cikin ƙasa da ake kira Bt, tana fitar da sinadarin da in tsutsa ta ci sai cikinta ya lalace, to ƙwayar halittar da ke yin sinadarin aka ɗauko aka dasa wa masara. Sinadarin a cikin tsutsa yake aiki, ba a cikin mutum ko dabba ba, kuma sai da hukumar NBMA, mai sa ido kan irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta a Najeriya, ta bincika ta amince a 2021, sannan a Janairun 2024 aka saki iri huɗu daga cibiyar binciken aikin gona ta IAR Samaru, SAMMAZ 72T zuwa 75T. Duk wanda ya ga yadda tsutsar da ta shigo mana a 2016 ke shigewa zuciyar masara, ka buɗe ka tarar da kashinta kamar dusa ganye duk huji, ya san kuɗin da feshi ke ci.

Wani kuma daga Funtua ya ce zai iya ajiye iri daga girbinsa ya shuka baɗi?

Alhaji zai tsiro kam, maganar wai ba ya tsira ba gaskiya ba ce. Amma iri ne mai aure, kuma duk mai aure in ka maimaita shi goyo ƙanƙancewa yake yi, wata doguwa wata gajeruwa. Ka sayi sabo a wajen dila mai rajista, ka duba lakabin buhun sosai. Kuma don Allah kar a rage taki, TELA ba ta maye gurbin NPK da yuriya, nan ne mutane ke cutar kansu. A bar ɗan gefe na masarar da aka saba, don kar tsutsar ta saba da sabon irin.

Sai mai tambaya ko CRISPR, wata dabarar gyaran ƙwayoyin halitta, ɗaya ne da abin da aka yi wa TELA. Wannan daban ne, akasari ba a kawo komai daga waje, ƙwayar halittar masarar ake gyarawa. Masu bincike suna gwada shi kan ƙuduji, a Kenya kuma cibiyar binciken masara da alkama ta CIMMYT na aiki kan wata cuta mai busar da masara. Har yanzu bincike ne, in wani ya kawo maka irinsa a kasuwa kar ka ba da kuɗinka.